Gwanin zango a hanyar Santiago

Daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port da ke gindin duwatsun Pyrenees a ƙasar Faransa zuwa birnin Santiago de Compostela a arewa maso yammacin Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 780 ce. Masu yin ta a ƙafa kan share wata guda da 'yan kwanaki. Mabiya ɗarikar Katolika sun yi imani cewa a can aka binne Yakubu, ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Annabi Isa, kuma fiye da shekara dubu ke nan ana taka wannan hanya don ziyartar kabarin. A tsakiyar shekarun 1980 ta kusa mutuwa, masu ƙarasa ta ba su kai dubu uku a shekara ba. A 2024 kuwa kusan mutum rabin miliyan suka karɓi takardar shaidar kammala ziyara, idan aka haɗa duk hanyoyin da ke kaiwa birnin. Kowannensu sai ya kwana a wani wuri kowane dare, kuma a nan ake gane gwani.

Ɓata hanya da wuya, domin tun 1984 wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro mai suna Elías Valiña ya fara zana kibiyoyi masu ruwan ɗorawa a jikin duwatsu da bango, ga su nan har yau a kowace mararraba. Abin da kibiya ba ta faɗa shi ne inda ya kamata mutum ya ajiye jakarsa. Sabon shiga yakan zaɓi masauki da gajiyar yau. Gwani yakan zaɓa da tafiyar gobe: me ke gabansa da asuba, hawa ne ko gangare, ina ruwa na gaba, ƙarfe nawa rana za ta fara cizo. Madugan fatake da suka riƙa kai ayari daga Kano zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan lissafi, shi ya sa ba a yada zango don kawai jaki ya gaji, sai an duba ruwa da ciyawa da nisan zangon gaba.

Ranar farko ma jarrabawa ce. Daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles kimanin kilomita 25 ne, amma da hawan da ya haura mita 1,200, ga ƙafar da ba ta saba ba, ga jaka da aka cika da kayan da za a zubar nan da mako guda. Akwai ƙaramin masauki a Orisson, wajen kilomita 8 daga farawa, a tsakiyar hawan. Wanda ya san jikinsa, ko ya san shekarunsa, yakan kama gado a nan tun da watanni, ya raba dutsen gida biyu. Wasu na ganin abin kunya ne mutum ya sauka tun hantsi a ranar farko. Ni ban ga kunya ba. Jijiyar da aka ja a wannan rana ita ke mayar da mutum gida daga Pamplona ko Logroño, alhali bai ci ko kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar ba. Sannu sannu kwana nesa. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris kuma hukuma na rufe hanyar saman dutsen saboda dusar ƙanƙara, sai a bi ta kwarin Valcarlos, lissafin zango ya sake gaba ɗaya.

Rarraba hanyar zango-zango tsohon abu ne. Wani littafi na ƙarni na 12 da ake kira Codex Calixtinus ya kasa ta kashi 13, amma wasu zangunan nasa sai mai doki. A zamanin nan littafin jagora na John Brierley, wanda ya rasu a 2023, ya kasa ta 33, kuma masu jin Turanci sun riƙe shi hannu bibbiyu. Illar ita ce duk wanda ya bi littafin sau da ƙafa zai kwana inda kowa ya kwana. Ɗaruruwan mutane su tashi daga Roncesvalles da safe, duk su nufi Zubiri ko Larrasoaña, ƙauyukan da gadajensu ba su kai yawan baƙinsu ba a watan Mayu da Satumba. Daga nan sai tseren gado: a tashi ƙarfe biyar, a yi ta haska tocila a idon masu barci ana ƙarar leda, a yi gudu cikin duhu, a je a jera jakunkuna a bakin ƙofar da ba za a buɗe ba sai ƙarfe ɗaya. Ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Gwani ba ya shiga wannan tsere. Yakan goce wa littafin da rabin zango, ya sauka ƙauye ɗaya kafin inda aka ce ko ƙauye ɗaya bayansa, kuma da zarar ya goce sau ɗaya ya fita daga ayarin na kwanaki da dama. Yana tafiya a hanya ɗaya da su, amma kamar shi kaɗai ne.

Masaukan da kansu, waɗanda ake kira albergue, iri-iri ne, kuma sanin halin kowanne rabin sana'ar ne. Akwai na ƙaramar hukuma ko na gwamnatin yanki: arha, gadaje masu hawa biyu jere a ɗaki ɗaya, ba a kama wuri ta waya a yawancinsu, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Sai ka nuna takardar maziyarci a buga maka hatimi, dare ɗaya kawai za ka yi in ba rashin lafiya ba, ƙarfe goma na dare a kulle ƙofa, ƙarfe takwas na safe kowa ya kama gabansa. A na gwamnatin Galisiya, yankin da Santiago ke ciki, mai ƙafa yana gaban mai keke a layi, naƙasasshe kuma yana gaban kowa. Madafarsu sau da yawa tsaf take, ga murhu, amma babu tukunya babu cokali, abin da duk wanda ya taɓa sayo taliya da tumatur da murna ya gano a makare. Akwai kuma na 'yan kasuwa, masu ɗan tsada, inda ake kama gado tun jiya, a sami injin wanki, wani lokaci har labule a bakin gado.

Waɗanda suka fi burge ni su ne na coci da na ƙungiyoyi, inda ba a yanka kuɗi, sai abin da ka ga dama ka jefa a akwati. A Grañón ana hawa ta hasumiyar cocin garin, a kwana a kan katifu a ƙasa, a yi girki tare a ci tare, akwatin kuɗin a buɗe yake, mai hali ya sa, mabuƙaci ya ɗauka. Ba su ma buga hatimi. A San Nicolás, kusa da gadar kogin Pisuerga, wata ƙungiya ce daga Perugia ta Italiya ke riƙe da tsohon ɗakin ibada mai gadaje kimanin goma sha biyu, ana cin abinci da hasken kyandir, kuma kafin a ci masu masaukin kan wanke ƙafar kowane baƙo. A Rabanal del Camino akwai Gaucelmo, wanda wata ƙungiyar Ingila ke kula da shi tun 1991, da shayinsu na la'asar a lambu. Masu aikin sa-kai ne ke riƙe irin waɗannan gidaje, galibi tsofaffin maziyarta da suka dawo su yi mako biyu suna shara da girki, al'adar da ta samo asali a 1990 a ƙauyen Hornillos del Camino. Samun gado a irin wannan wuri sai da shiri, don ba a kama shi ta waya, kuma da yawansu ba sa karɓar wanda ya aiko da jakarsa a mota ya taho hannu sake. Gwani yakan gajarta zangon ranar don ya isa da wuri, ya kuma san cewa kuɗin da ya jefa a akwati shi ne abincin baƙin gobe, kamar yadda na jiya suka ciyar da shi. Masu ɗaukar wurin a matsayin kyauta su wuce ba su sa komai ba, su ne ke sa irin gidajen nan rufewa. Ga mai ƙyamar naman alade kuwa, Musulmi ne ko wani, gara ya gaya wa mai masauki tun yana shiga, domin a ƙasar nan ko tukunyar wake ba ta rasa yankan naman a ciki.

Tsakanin Burgos da León ƙasa ta shimfiɗe, gonakin alkama iya ganinka, inuwa sai ta Allah. A nan zaɓen zango ya koma lissafin ruwa da rana. Fitaccen misali shi ne fita daga Carrión de los Condes: kilomita 17 babu gari har Calzadilla de la Cueza, ƙauyen da ke cikin kwari, ba ka ganinsa sai ka zo dab da shi. Wanda ya iso Carrión da azahar yana jin sauran ƙarfi ya ce bari ya ƙara gaba, ya sayi wahala da kuɗinsa. Mai hankali yakan kwana a nan ko da ƙarfe sha ɗaya ya iso, ya cika gora, ya sayi burodi da 'ya'yan itace kafin shaguna su rufe don ƙailula, ya ci wannan fili da sanyin safiya. Haka yake kiyaye ranar Lahadi, don a ƙananan ƙauyuka shago ɗaya tilo yana iya kasancewa a rufe.

Duwatsun yamma suna da nasu ƙa'ida, wato a sa hawa a farkon yini, kada a sa gangare mai wuya a ƙarshensa. Littattafai kan tura mutum daga Villafranca del Bierzo zuwa O Cebreiro a rana ɗaya, wajen kilomita 28, kuma duk hawan yana can ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu, a isa ƙauyen da ke tsayin mita 1,300 a tarar gadaje sun ƙare. Gwani sai ya kwana a Vega de Valcarce ko Las Herrerías a gindin dutsen, ko La Faba a tsakiyarsa, ya hau da sabon jini. A wajen ƙololuwar Cruz de Ferro ma haka: wanda ya kwana Rabanal ko Foncebadón zai isa ƙololuwa da safe, amma gangaren da ke biye zuwa Molinaseca duk tsakuwa ne mai cin gwiwa, shi ya sa wasu ke yanke shi a El Acebo.

In an iso ƙofa, akwai ɗan binciken da ba ya cin minti biyu. A ɗaga gefen katifa a duba lungun ɗinki da jikin katako, in an ga ɗigo-ɗigo baƙi to kuɗin cizo ne, a gaya wa mai masauki cikin mutunci, ba a tafi a yi ta yaɗawa a hanya ba, don baƙi ne ke kawo su a jaka, kuma ko gida mafi tsabta yana iya kamuwa. Jaka ba ta hawa gado. A duba inda ake shanya, ko rana na kaiwa can, domin mai safa biyu da riga biyu wankinsa na yau shi ne suturarsa ta jibi, kuma safa mai danshi ita ce uwar bororo. Gadon ƙasa na tsofaffi ne da masu ciwo, matashin da ya bar shi ya hau sama ya san ladabin hanya. A guji bakin ƙofar banɗaki, a nemi kusa da taga. Minshari kuwa ba shi da magani sai abin toshe kunne, ɗakin mutum huɗu ma ana iya dacewa da gwarzonsa.

Tambayar da ake ta jayayya a kai ita ce a kama gado tun da wuri ko a bar wa hanya. Masu tsattsauran ra'ayi na cewa wanda ya kama gado ta waya ya zama ɗan yawon buɗe ido. Ina ganin sun wuce gona da iri. Amma wanda ya kama dukkan darare talatin da ɗoriya tun yana gida shi ma ya ɗaure kansa, don ranar da ƙafa ta kumbura ko ya haɗu da abokan tafiyar da ba ya so ya rabu da su, takarda ce ke jansa gaba. Gwanayen da suka yi hanyar sau da yawa kan kama daren farko biyu ko uku, su kama na manyan birane a ƙarshen mako, su lura da ranakun biki irin na San Fermín a Pamplona daga 6 zuwa 14 ga Yuli, lokacin da gado ke zama zinariya. Sauran kuma su bar shi ga kwana ɗaya gaba, ko ga ƙafarsu. Kowane mako ko kwana goma sukan kuma sayi ɗaki na kansu a ƙaramin otal, su rufe ƙofa su rama barci.

Daga Sarria komai ya canza. Sharaɗin samun takardar kammalawa shi ne a taka kilomita 100 a ƙafa, ko 200 a keke, ana buga hatimi biyu a rana, kuma Sarria na da nisan kusan kilomita 115 daga Santiago. Saboda haka a nan jama'a suka fi farawa, 'yan makaranta da ƙungiyoyin coci da iyalai, kusan dukkansu suna kwana a garuruwa ɗaya: Portomarín, Palas de Rei, Arzúa, O Pedrouzo. Dabarar gocewa da rabin zango ta fi amfani a nan fiye da ko'ina, ga ƙananan masaukai birjik a ƙauyukan tsakani, irin su Ribadiso da ke bakin rafi inda ake tsoma ƙafa.

Daren ƙarshe ma zaɓi ne. Wanda ya kwana O Pedrouzo yana da sauran kusan kilomita 20, sai ya yi sammako sosai in yana son riskar taron addu'ar maziyarta na tsakar rana a babban coci. Wanda ya daure ya kai Monte do Gozo, tudun da aka gina wa ƙaton masauki a 1993, kilomita 5 kacal suka rage masa, yana iya shiga gari kafin ofishin da ke bai wa maziyarta takardar kammalawa ya cika. Akwai riba a hakan: tsohon asibitin maziyarta da Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka kafa a 1499 a gaban cocin ya zama otal na masu hannu da shuni, amma har yanzu yana ciyar da maziyarta goma kyauta a kowace rana, kuma goman farko da suka karɓi takardarsu ake bai wa.