PlayStation ko Xbox: hukuncin gidan gem a Bagudo

Tun da Microsoft ya fito da Xbox a 2001 don ya ƙalubalanci PlayStation 2 na kamfanin Sony, 'yan wasa a Amurka da Turai ke ta musu a kan wanne ya fi kyan hoto da sauri. A Bagudo da Tsamiya da Lolo, alƙalin wannan shari'a shi ne mai gidan gem: mutumin da ya kama shago, ya jera benci da talabijin biyu ko uku, ya ajiye janareta a bakin ƙofa. Tambayoyinsa daban ne. Nawa injin zai sha na wuta? Zai jure zafin bazara da ƙurar hunturu? In ya lalace, wa zai gyara? Uwa uba, akwai ƙwallo a ciki?

A wannan ma'auni PlayStation 2 ya yi abin mamaki. Ya fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, Sony ya daina ƙera shi a farkon 2013, amma har yanzu bai bar shagunan ƙauye ba. Siririn samfurinsa bai kai wat 50 ba, don haka ƙaramin sola da batir ma sun ishe shi. Masu gyara sun daɗe da sanin yadda ake loda masa wasanni a filasha, ko da idon karanta faifai ya mutu. Konami, mai wasan ƙwallo na PES, ya tsaya a PES 2014 a kan wannan inji, amma masu sha'awa ba su tsaya ba: duk kakar wasa sai sun sauya sunaye da riguna, har ka ga Osimhen da Haaland suna gudu da jiki mai kusurwa-kusurwa na zamanin Okocha. Hoton ba abin yabo ba ne, fuskokin kamar an sassaƙa da gatari. Yaron da ya tara canjin aike bai damu ba, muddin fad ɗin da ke hannunsa na amsa masa.

PlayStation 3 na 2006 da PlayStation 4 na 2013 sun gaji wannan kasuwa. Sun kawo hoto mai ɗaukar ido da fad marar waya, sun kuma kawo ɗawainiya: shan wuta da zafi. Wanda ya taɓa zama kusa da PS4 a watan Afrilu ya san kukan fankarsa in ƙura ta toshe ta. Shi ya sa za ka ga an ɗora shi kan katako, an juya masa fankar tebur, mai shago kuwa yana fifita da kwali. PS5 na 2020 yana kaiwa wajen wat 200 yayin wasa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kowane wat lissafi ne.

Xbox fa? A gaskiya an rage masa haƙƙi. Fad ɗinsa ya fi zama a hannu, kuma tsarin Game Pass na 2017, inda ake biyan kuɗin wata a buɗe ɗaruruwan wasanni, ya fi sayen faifai araha. Sai dai Xbox 360 ya ɓata sunan gidan da wuri, da jan zoben nan da ke nuna inji ya mutu, matsalar da ta ci wa Microsoft fiye da dala biliyan 1 a 2007. Sabbin samfuran kuma sun jingina da intanet. Series S ko ramin faifai ba shi da shi. Wasan da nauyinsa ya haura gigabait 50, wa zai sauke shi da datar waya a bakin iyaka? Ga shi in fad ya lalace, na PlayStation ko jabu ne ana samu a Birnin Kebbi ko Sakkwato, na Xbox kuwa sai an yi cigiya.

Nintendo Switch na 2017, mai allonsa da batirinsa, shi ya fi dacewa da garin da wuta ba ta zama. Tsadar wasanninsa da raunin ƙwallonsa suka hana shi shiga.

Akwai kuma hanyar da kayan ke biyowa. Yawancin injinan na hannu ne, abin da ake kira Kwatano, sunan da ya samo asali daga tashar jiragen ruwan Jamhuriyar Benin. Abin da Turawa suka gama yayi shi ke isowa, kuma a Turai PlayStation ya fi yawa. Rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da faɗuwar naira a gaban sefa daga 2023, sun sa mai tsohon inji ya ƙara riƙe shi da kyau.

A ganina musun Sony da Microsoft ya kusa zama tarihi a nan, don kishiyar gaske, wato waya, tana aljihun yaran. Konami ya mayar da PES zuwa eFootball a 2021, kyauta, har a waya. Abin da gidan gem ya rage da shi shi ne taro: dokar wanda aka ci ya biya, ihun 'yan kallo a bayan benci, da tsiyar da za a yi wa mai riƙe da Madrid in Barcelona ta zura masa uku. Wannan kuwa PS2 na bayar da shi daidai da PS5.