Lambar da Ba ta Faɗin Sunan Mai Ita

A wasu gidajen Birni da Zango, cikin garin Zinder, har zuwa ƙauyukan Damagaram Takaya, akan tarar da ita a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma: ƴar tagulla mai siffar kuros, takubba biyu sun gitta a tsakiyarta, ƙyallenta kore mai ratsin ja ya koɗe. Jikoki sun san ta kaka ce, sun san ya je "yaƙin Nasara". Wane yaƙi, a wace ƙasa, a wace shekara? Nan zance ke tsayawa.

Ba laifinsu ba ne. Wannan lamba, Croix de guerre, wadda Faransa ta ƙirƙiro a 1915, bebiya ce. Ba a sassaƙa sunan soja a jikinta, haka ma sauran lambobin Faransa irin su Médaille militaire mai ƙyalle rawaya da gefe kore. Ingilishi kuwa sun saba buga suna da lambar soja da rundunarsa a bakin ƙarfen. Shi ya sa mai tara lambobi a Landan, in ya samu ta azurfa mai maƙalar "N. Nigeria 1903", wato yaƙin cin Kano da Sakkwato, a take yake karanta wanda aka ba. Tsallaka iyakar Najeriya kaɗan zuwa arewa, sai ƙarfe ya yi gum.

Duk da haka, mai ido yana tatsar wani abu. A bayan ƙarfen Croix de guerre akwai shekaru, daga 1914-1915 har 1914-1918. Ƙaramin tauraro a kan ƙyallen na nufin an yabi mutumin da suna saboda wata bajinta. Reshen ganye na nufin yabon ya fito daga babbar rundunar ƙasa. Médaille coloniale ta 1893, mai ƙyalle shuɗi da fari, ita ta fi surutu, domin ana maƙala mata ƴan sanduna masu sunan yankin da aka yi yaƙi. Wanda tasa ke ɗauke da "Extrême-Orient" ya ga gabashin Asiya, yawanci Indoshin. Wanda ke da Croix de la Valeur militaire, ta 1956, galibi Aljeriya ya je, kamar yadda tsohon shugaban Nijar Seyni Kountché ya ratsa fagagen biyu kafin ƴancin kai.

Akwai ɗaci a tarihin lambobin da suka shafi Zinder, kuma masu tara su a Turai ba su cika kawo shi ba. Na farkonsu ladan cin ƙasar ne. An kashe Kyaftin Cazemajou a nan a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Faransawa suka dawo a Yulin 1899, aka gwabza a Tirmini, birnin ya faɗi. Ayarin Faransawa na Foureau da Lamy ya iso daga hamada a ƙarshen shekarar, ya wuce Kusuri inda aka kashe madugun yaƙi Rabe a Afrilun 1900, aka kuma yi wa ayarin sandarsa ta musamman, "Mission saharienne". Dillalai na rububinta saboda ƙarancinta. Ga Badamagare, ita ce shaidar zamanin da mulki ya kuɓuce. Shekara goma sha bakwai bayan nan, daga barikin Zinder rundunar da ta karya ƙawanyar da madugun Abzinawa Kawusan ya yi wa Agadas ta tashi, a farkon 1917.

To ina sunan yake? Yana jikin takarda. A tsarin Faransa, takardar shaida ce lambar ta haƙiƙa. Ƙarfen kansa har gobe ana sayensa a kanti a Faris. Abin da ke magana shi ne ɗan littafin soja, da katin tsohon mayaƙi, da littafin fansho, inda aka rubuta lambar rajistar mutum, shekarar da aka ɗauke shi, da bataliyarsa. Abin haushin, su ne gara da ɗigon damina suka fi ci, kuma su ne magada ke zubarwa in an zo rabon gado, a adana ƙarfe don yana ƙyalli. Dillalin kayan tarihi shi ma yakan raba takarda da ƙarfe, ya sayar da kowanne daban.

In lambar rajistar soja ta tsira, hanya ta buɗe. Takardun aikin sojojin tsoffin ƙasashen mulkin mallaka suna garin Pau, a kudancin Faransa. Kundin tafiye-tafiyen kowace bataliya, rana bayan rana, yana Vincennes. Waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko kuwa, katunansu na intanet a shafin Mémoire des hommes, kyauta. Sai dai mai bincike ya shirya wa rubutun akawun Nasara. Mahamman ɗaya zai iya fitowa Mamane, ko Maman, ko Mahamane. Sunan uba wani lokaci sunan ƙauye ne, ranar haihuwa kuma "wajen shekara kaza". Ga shi kowa an kira shi tirailleur sénégalais, ko da bai taɓa ganin Sanagal ba sai ranar shiga jirgin ruwa a Dakar.

Su kansu tsoffin sojojin sun fi jikokinsu sanin darajar takarda, don da ita ake karɓar kuɗi. Dokar Disambar 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan ƙimar lokacin ƴancin kai, alhali na abokan yaƙinsu Faransawa na ta hawa. Sai a 2001 kotun ƙoli ta harkokin mulki a Faransa ta ce wannan wariya ce, a shari'ar wani tsohon soja Basanagale mai suna Amadou Diop, kuma ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai farkon 2011. A lokacin, mayaƙan 1914 sun ƙare tuni, na 1939 kuma ƴan tsiraru ne suka rage su sa hannu.