Haruffa Masu Faɗi Ɗaya da Matsalar Ƙugiya

Kun lura idan kuka sa alamar nan ``` gaba da bayan rubutu a WhatsApp, zubin haruffa yakan canza? Kowane harafi sai ya ci fili daidai da ɗan'uwansa, "i" da "m" faɗinsu ɗaya, kamar na tafureta.

Amfaninsa a nahawu babba ne. Makon jiya na tura wa ɗalibaina a nan Dareta jadawalin wakilan suna da shi, layuka suka jeru reras.

Sai dai akwai gyara. Idan zubin ba shi da ɓ, ɗ ko ƙ, waya takan aro su daga wani zubin mai faɗi dabam, sai jadawali ya karkace. Ko suna nan ma, filin ya yi wa ƙugiya kaɗan, takan fito 'yar mitsitsiya. Haka wani yaro ya kwafe min "kaya" a maimakon "ƙaya". To jama'a, ina kaya ina ƙaya?

A kwamfuta na fi son Noto Sans Mono na Google: haruffansa ba kwalliya a bakinsu, kuma yana da ƙugiyoyinmu duka, har da ƴ ta Nijar. Amma a bar shi ga jadawali, yana gajiyar da ido a dogon karatu.

Kafin ku amince da kowane zubi, ku gwada shi da "ɓera, ɗaki, ƙaya". A wayoyinku ya suka fito?