Cabascabo: an tafa wa soja, an manta da masu jiransa

Minti 45 ne kacal, hoto baƙi da fari, da Zabarmanci. Amma tun 1969 ake rubutu a kan Cabascabo, fim ɗin Oumarou Ganda, kuma yawancin masu sharhi turba guda suke bi.

Ga wanda bai gani ba: wani sojan Faransa ɗan Nijar ne ya dawo daga yaƙin Indoshin, yankin Biyetnam ta yau. Dangi da abokai suka tarbe shi kamar ango. Yana ba da labarin fagen daga, yana ɓarin kuɗi. Da aljihu ya bushe sai kowa ya watse, ya koma neman aikin lebura, daga ƙarshe ya saɓa gatari ya nufi karkara. Ganda da kansa ya fito a matsayin sojan, kuma ba sojan gona ba ne: tun yana saurayi ya shiga sojan Faransa aka kai shi can.

A 1969 an nuna fim ɗin a makon masu sharhi na bikin Cannes, ya kuma samu lambar yabo a Mosko. Abin da aka fi yabawa shi ne, ga sojan mulkin mallaka yana ba da labarinsa da bakinsa. Aka riƙa gwada shi da Moi, un noir na Jean Rouch (1958), inda Ganda ɗin ya fito a matsayin ɗan dako a Abijan yana kwaikwayon yaƙin da ya gani, amma kyamara na hannun Bature. Wasu kuma ƙarshen fim ɗin suka riƙe, suka ce kira ne ga matasa su koma gona. Duka biyun gaskiya ne, ban ja ba.

Inda nake ja shi ne maganar gida. Ku lura da yadda mutanen da ke kewaye da Cabascabo suke fitowa: da farko masu guɗa, a tsakiya masu ci, a ƙarshe masu juya baya. Haka soja mai ɓacin rai yake ganinsu, kuma Ganda na da ikon ya nuna abin da idonsa ya gani. Laifin na masu sharhi ne da suka ɗauki wannan a matsayin dukan labarin, suka ce ga butulcin al'umma. To, shekarun da yake can fa? Wa ya yi noman? Wa ya biya harajin? Uwar da ba ta iya karanta wasiƙa, sai ta kai wa ɗan lakwal ya karanta mata, in ma wasiƙar ta zo, wane suna za a ba abin da ta sha? Gidan da ya yi shekaru babu ƙarfin ɗansa, in ya miƙa hannu ranar da ɗan ya dawo da kuɗi, ba lalle kwaɗayi ba ne. Wataƙila bashi ake biya. Ko Zalika Souley, wadda daga baya ta zama babbar tauraruwar silimar Nijar, a gefen labarinsa take tsaye.

Ana iya yin fim ɗin ta ɗaya ɓangaren, an ma yi. A Emitaï (1971), Ousmane Sembène ya bar kyamara a wani ƙauyen Kazamans na Senegal bayan an kwashe samari zuwa yaƙin duniya na biyu. Matan ne suka ɓoye shinkafar da Faransawa ke nema, aka zaunar da su cikin rana don su faɗi inda take. Ba a kai mu fagen daga ba, amma mai kallo ya ga yaƙin sarai. Tirailleurs kuwa, na Mathieu Vadepied (2022), uba ne ya shiga soja a 1917 don ya bi ɗansa da aka kama. Iyali ne zuciyar labarin, amma da ya fito a Faransa farkon 2023 sai surutun ya koma kan abin da Omar Sy ya faɗa wa wata jarida game da yaƙin Yukiren, da batun fanshon tsofaffin sojoji. Matar da aka bari gida, wadda aka raba da miji da ɗa lokaci guda, ba ta samu wuri a muhawarar ba.

Mu kam ba tarihi muke karantawa ba. Soja 71 aka kashe a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, wasu 89 a Cinagodar ranar 9 ga Janairu 2020. Kowane ɗayansu akwai gidan da aka shimfiɗa tabarmar zaman makoki, akwai matan da suka shiga takaba wata huɗu da kwana goma, sannan aka fara yawon takardu. Finafinan Kano da muke turawa juna a waya sun iya nuna kukan mace, wallahi sun iya, amma galibi a kan kishiya ko uwar miji.

Akwai kuma matsalar harshe. Cabascabo Zabarmanci ne, fassararsa rubutun Faransanci a ƙasan hoto, iyayenmu mata na Waca da Magariya da Dungas kuwa Hausa suke ji. Shawarata ga ƙungiyarmu: a hutu mai zuwa mu nemo shi, mu aro janareta, wani ya tsaya gefe yana fassarawa da baki. In an zo wurin da dangi suka watse daga kansa, a tsayar da fim ɗin a tambayi tsofaffin me suka gani.