Likita Mila da Isawan Gimi: Sharhi a kan Reflections of a Pioneer

Daga cikin littattafan da 'yan mishan suka bari game da zamansu a ƙasar Hausa, kaɗan ne suka kai Reflections of a Pioneer amfani ga mai nazarin addinai. Marubucinsa shi ne Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, ƙungiyarsa ta CMS kuma ta buga shi a Landan a 1936. Mila ya fara koyon Hausa a Tarabulus wajen fatake da alhazai, ya shigo Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su, suka yada zango a Girku. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, inda mishan ɗin ya ci gaba da aiki har aka mayar da shi Wusasa a 1929. Mai wannan tarihi ya cancanci a saurare shi, ko da mai saurare bai yarda da abin da ya kawo shi ba.

Littafin ya fi ƙarfi inda Mila yake bayar da shaida a kan rayuwar talakawa: bauta, da ƙwace, da tsoron dogarai, da cututtukan da ya yi ta fama da su a matsayinsa na likita. Bai raga wa 'yan'uwansa Turawa ba, domin yana ganin tsarin Lugga na mulki ta hannun sarakuna ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Bai kamata mai karatu Musulmi ya yi saurin watsi da wannan ba don kawai ya fito daga bakin ɗan mishan. Shehu Usmanu ya jera ire-iren wannan zalunci a Kitabul Farƙi, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya koka a Tazyinul Waraƙat kan yadda son duniya ya shigi jama'ar jihadi tun da wuri. Illar ita ce Mila ya jingina zaluncin ga addinin kansa, alhali ma'aunin da ya fi tsanani a kan sarakunan yana cikin littattafan malamansu. Sannan akwai mas'alar da ɗalibin fiƙihu zai lura da ita nan take. Mila yana cikin waɗanda ƙorafinsu ya kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi da kai shi Lakwaja, a wajen Malikawa kuwa ba a karɓar shaidar mutum a kan abokin husumarsa. Wannan bai mayar da maganarsa ƙarya ba, amma ya wajabta neman wani shaidan kafin a yanke hukunci.

Inda nake ganin littafin ya fi bukatar sharhi shi ne labarin Isawa. Asalinsu almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda ya tsananta bincike a kan matsayin Annabi Isa (AS) a cikin Alƙur'ani har ya fifita shi ta hanyar da malaman gari suka ƙi, aka kashe shi wajen 1867, mabiyansa suka watsu, wasu suka fake a ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wa Mila, aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka karɓi Kiristanci. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, sauran suka koma Zariya. Mila ya ba da wannan labari da tausayi na gaskiya, kuma da wuya mutum ya karanta shi zuciyarsa ba ta sosu ba.

Sai dai a fahimtarsa Isawa mutane ne da aka tanada tun da daɗewa suna jiran mai bishara ya iso. Wanda ya san turbar ilimin ƙasar nan zai ga wani abu daban. Suratun Nisa'i ta ambaci Annabi Isa da Almasihu, da kalmar Allah, da ruhi daga gare Shi, ayar da ta ambace shi da haka kuma ita ce ta hana cewa uku. Hadisan saukowarsa a ƙarshen zamani suna cikin Buhari da Muslim. Ƙarni na goma sha uku na Hijira kuwa zamani ne da Hausawa suka cika da dakon Mahadi, har Shehu Usmanu ya fito fili ya ce ba shi ba ne, jama'a kuma suka riƙa yin ƙaura gabas. A cikin wannan yanayi Malam Ibrahim ya taso. Tambayarsa daga allo da zaure ta fito, muhawararsa da malamai muhawara ce ta cikin gida, ko da ta kai shi inda jamhuru ba su bi shi ba. Ashe babbar nasarar da Mila ya samu a tsakanin Musulmi ya tarar da ita ne rabinta a gine, da tubalin da shi bai san inda aka buga shi ba. Ya ƙware a Hausar kasuwa da ta fada ƙwarewar da Turawa kaɗan suka yi, amma Hausar zaure, wadda rabinta Larabci ne, ba ta bayyana a littafin yadda za ta ba shi damar jin abin da baƙinsa suke nufi.

Abin mamaki, aikinsa mafi daɗewa ya dogara ne da wannan Hausar. Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, wanda Mila ya ɗauki babban nauyin fassararsa, ba shi da wasu kalmomi na faɗin manufarsa sai Allah, da annabi, da mala'ika, da zunubi, da tuba, da addu'a. Duka malaman allo ne suka shigo da su harshen, suka ɗora musu ma'ana ƙarnuka kafin zuwansa. Mai wa'azin da ya ce wa Bazazzagi ya tuba ya faɗi kalmar da mai sauraro ya riga ya san sharuɗɗanta daga Ahalari, ba lalle ba ne su biyun suna nufin abu ɗaya.

Birnin Zariya bai musanya addininsa ba, Mila kuma bai ɓoye takaicinsa a kan ƙarancin waɗanda suka bi shi ba, yana ɗora yawancin laifin a kan jami'an mulkin mallaka da suka taƙaita wa'azi a masarautu. Abin da makarantarsa ta haifar ya bi wata hanya: Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa kuma jigo a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Zuriyar mutanen Gimi na cikin waɗanda suka raya cocin Wusasa, har yau kuma suna nan.