Elcados da Waƙar "Ku Mi Da Hankan": Wani Giɓi a Nazarin Waƙar Hausa

Manazarta sun karkasa makaɗan Hausa zuwa na fada da na sana'a da na jama'a, amma har yanzu ba su yanka wa 'yan jita na gidajen rawa wurin zama ba. Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikinsu, watau ƙungiyar Elcados, wadda ta yi tashe a Arewa a shekarun 1970.

A zamanin nan samarin birane sun sha kiɗa daga maɓuɓɓuga biyu. Ta farko ita ce fank da sol na baƙaƙen Amurka, musamman na James Brown, wanda ya ziyarci Nijeriya a 1970. Ta biyu kuwa kiɗan Latin ne irin na Santana, mai haɗa kukan jita da gangunan konga na Kuba. Cikin wannan yanayi Elcados suka fitar da faifansu mai suna This World Is Full of Injustice a kamfanin EMI. Daga bisani aka daina jin ɗuriyarsu, sai a 2008 da kamfanin Soundway na Ingila ya sake buga wata waƙarsu a tarin Nigeria Rock Special.

Sunan waƙar kansa abin nazari ne. An rubuta shi "Ku Mi Da Hankan", wanda ga dukkan alamu "ku mai da hankali" ake nufi. An tsuke tagwan wasali, an kuma datse ƙarshen kalma. Wannan ita ce Hausar barikanci, wadda ƙabilu dabam-dabam suke cuɗanya da ita a Sabon Gari, kuma ba kasafai ake samunta a rubuce ba.

Me ya sa irin wannan kiɗa bai yi saiwa ba? Amsar tana ga ma'aunin Bahaushe. Manomi a Garo ko Gwarzo ko Kabo, in ya kunna rediyo, zance yake bi: kirari da zambo da habaici. Kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos rakiya suke yi wa magana. A fank kuwa al'amarin ya juye, domin kiɗa shi ne uban tafiya, kalmomi 'yan kaɗan ne ake ta nanatawa. Wanda ya auna Elcados da mudun Shata dole ya ga sun gaza, alhali ba hatsi ɗaya ake awo ba.

Duk da haka, bai kamata a yar da su ba. Fayafayan nan shaida ce ta yadda Hausa ta zama harshen haɗa kan baƙi a birane bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya dace sassan Hausa na jami'o'i su tattara su, su rubuta matanoninsu, tun masu tuna zamanin suna raye.