Rubutun Ƙawa a Katin Biki da Allon Shago: Tsokaci Daga Inkil

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Gombe ta Inkil a Bauchi zai ga allunan shaguna da tallan da aka yi da haruffa masu lanƙwasa, waɗanda ke kwaikwayon rubutun hannu. Haka abin yake a katunan ɗaurin aure. Wannan maƙala ta dubi yadda irin wannan ado ke taɓa ma'ana a Hausa.

2.0 Boko

Galibin haruffan ƙawa da ke cikin kwamfuta, irin su Edwardian Script, an zana su ne bisa rubutun hannun Turawa. Akasarinsu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, haruffan da suka zauna a ƙa'idar rubutun Hausa tun shekarun 1930. Saboda haka ɗayan biyu ke faruwa: ko mai ɗab'i ya yar da lanƙwasar, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi, sai ya tsaya qiƙam tsakiyar kalma kamar bare a gidan biki. Na farkon ya fi muni. Katin da ya ce "manyan baki" a maimakon "manyan baƙi" ya mai da gayyata abin dariya, kuma ƙafa da kafa ba abu ɗaya ba ne. Abin mamaki, zubin da ya cika kowane harafi da jela da kan sarki shi ne ya rasa lanƙwasa guda wadda ke ɗauke da ma'ana.

3.0 Ajami

A nan matsalar ta fi tsufa. Almajirin ƙasar Hausa ya tashi ne da ruwayar Warshu da rubutu mai kauri na alƙalamin kara, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuwa ɗigo ɗaya a sama. Zubin Gabas na Nasakhi, wanda ya mamaye injinan ɗab'i, ya saɓa wa wannan. Shi ya sa masu buga littattafai a Kano suka daɗe suna ɗaukar hoton rubutun gwanaye irin Sharu Bala Gabari maimakon jera haruffa.

A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano. Aiki ne abin yabo, domin mai karatun allo yana gane shi nan take, kuma kaurinsa ya dace da allon shago da ake hanga daga nesa. Sai dai ya daskarar da hannu ɗaya. Gwani yakan ja harafi ko ya matse shi gwargwadon filin layi, kwamfuta kuwa maimaita siffa ɗaya take yi. Bugu da ƙari, rubutun Kano ba shi ne na Barno ba, ga shi Inkil tana kan hanyar da ta nufi gabas.